Dodo Mai Iyali: Begen Wasannin Talabijin na Da a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Abin da ya jawo wannan rubutu wata hira ce da na tarar a wata majalisa a Gyaɗi-Gyaɗi, bayan sallar lisha, kwana kaɗan da rasuwar Usman Baba Pategi, watau Samanja Mazan Fama, cikin watan Nuwamba na 2023. Dattawa ne biyar ko shida, yawancinsu tsofaffin ma'aikatan gwamnati, suna ta tuna wasanninsa, wannan ya kawo labari wancan ya gyara masa, ana dariya har da share hawaye. Can gefe kuwa jikan ɗayansu ya duƙufa a kan wayarsa. Da kakan ya leƙa sai ya ga wani guntulen hannu, ba jiki ba kai, yana tafiya a kan yatsunsa. Tsoho ya yi a'uziyya ya ja da baya. Yaron ya ce, "Haba Baba, ai wasan ban dariya ne. Iyalin dodanni ne, kuma tun zamaninku aka fara shi." Tsoho ya ce, "Dodo har da iyali? To, Allah ya raba mu da maƙwabtaka da su." Aka tuntsire da dariya, aka koma kan Samanja.

Yaron nan bai yi ƙarya ba. Wasan da ya ke kallo shi ne Wednesday, wanda Netflix ya fitar cikin 2022, kuma jika ne na wani wasa da aka fara a Amurka cikin 1964. Amma tambayar tsohon ita ce ta tsaya mini a rai. Don me Turawan Amurka suka iya zaunar da dodo a falo, suka ba shi mata da 'ya'ya, suka so shi har suna begensa shekara sittin bayan an rufe wasan, mu kuwa da mu ke da dodo tun kaka da kakanni ba mu taɓa yin haka da shi ba? Amsar da zan kawo ita ce mun yi, sai dai ba da dodon tatsuniya muka yi ba, kuma dattawan nan da ke begen Samanja suna begen iyalin dodanninsu ne ba su sani ba.

Bari mu fara da na Amurka, don mai karatu ya san abin da a ke gwadawa da shi. Wasanni biyu ne, kuma cikin mako guda suka fito. Ran 18 ga Satumba 1964 gidan talabijin na ABC ya fara nuna The Addams Family, ran 24 ga wata kuma CBS ya fara The Munsters. Dukansu baƙi-da-fari ne, dukansu rabin sa'a, dukansu kuma aka tsai da su cikin 1966, na farko yana da kashi 64, na biyu 70. Iyalin Addams sun samo asali daga zane-zanen barkwanci da Charles Addams ya riƙa bugawa a mujallar New Yorker tun 1938. Attajirai ne masu son duhu da maƙabarta, mai gidan Gomez, uwar gidan Morticia, da ƙaton bara mai suna Lurch, da hannun nan da ya firgita tsohonmu. Iyalin Munster kuwa talakawa ne masu neman na tuwo. Mai gidan, Herman, halittar likita Frankenstein ce, an harhaɗa shi da sassan gawa, yana aiki a kamfanin masu shirya jana'iza, kullum da safe ya ɗauki akwatin abincinsa ya tafi. Matarsa Lily da surukinsa 'yan gidan Dracula ne masu shan jini, ɗansu Eddie rabinsa kyarkeci ne. A gidan akwai wata yarinya, Marilyn, 'yar 'yar'uwar Lily, kyakkyawa a idon kowa, amma mutanen gidan suna tausayinta don a ganinsu ita ce mummuna, suna zaton muninta ne ke korar samari, alhali kuwa ganin Herman ne ya ke sa su tsallake katanga. Gishirin wasan duka yana nan: dodanni ba su san su dodanni ne ba. Suna ɗaukar kansu mutanen kirki masu biyan haraji, kuma mai kallo yana ƙarewa ya yarda da su, ya ga maƙwabtan da ke gudu su ne marasa tarbiyya.

Ba dare ɗaya dodon Turawa ya zama abin wasa ba. Mary Shelley ta rubuta Frankenstein cikin 1818, Bram Stoker ya rubuta Dracula cikin 1897, kamfanin Universal ya mai da su duka fim cikin 1931, mutane suka firgita ƙwarai. Cikin 1948 har an haɗa dodannin nan da 'yan barkwanci biyu, Abbott da Costello, a fim guda. Cikin 1957 aka tattara tsofaffin fina-finan tsoro 52 aka sayar wa gidajen talabijin, suka riƙa nuna su da dare, yara suka saba da su kamar yadda a ke sabawa da karen maƙwabci. Watau sa'ad da Herman Munster ya fito, shekara talatin da uku ke nan ana ganin wannan fuska, tsoronta ya riga ya salance. Har wa yau waɗanda suka shirya The Munsters, Joe Connelly da Bob Mosher, su ne suka yi Leave It to Beaver, wasan iyalin kirki na unguwar masu hali, saboda haka tsohon gidansu suka ɗauka suka zuba masa sababbin mazauna. Masana da yawa sun lura cewa shekarar 1964 ita ce shekarar da aka sa hannu a dokar daidaita haƙƙin Baƙaƙen Amurka, lokacin da babbar tambaya a unguwanni ita ce wa za a yarda ya tare a gidan da ke kusa. Iyalin Munster baƙi ne daga tsohuwar Turai, kamanninsu dabam, halinsu na kowa. Ban ce masu wasan wa'azi suka zauna yi ba, amma dai wasa ba ya rasa ƙanshin zamaninsa.

To, mu dawo gida. Kalmar dodo tsohuwa ce a Hausa, tana da jinsin mace, dodanniya, da jam'i, dodanni, abin da ke nuna harshen kansa ya yarda dodo yana da dangi. Wanda ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara ya buga tsakanin 1911 da 1913, ko na Rattray na 1913, ko waɗanda marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya wa makarantu, zai tarar da shi ko'ina: ƙato mai gashi buya-buya, mazaunin kogi ko ƙungurmin daji, mai haɗiye mutane da dabbobi, wanda ƙarshensa a kan farke cikinsa jama'a su fito. Yana da gida, yana da gona, wani lokaci yana da mata, har ya kan zo neman aure cikin gari da aron kamannin saurayi, ya ɗauke yarinyar da ta ƙi zaɓin iyayenta. Gizo kuma ya sha yi masa wayo, domin dodon tatsuniya akwai ƙarfi ba hankali. Mafi kusa da dodon da a ke so shi ne Daskin-da-riɗi, wanda ya zo cikin fatar dodo, 'yan mata masu girman kai suka kasa faɗin sunansa, mai ladabi ta faɗa ta aure shi. Amma a lura da yadda labarin ya ƙare: sai da ya tuɓe fatar ya fito kyakkyawan saurayi kana zaman aure ya yi daɗi. Bahaushe bai bar shi cikin fatarsa ba. Herman Munster kuwa har aka rufe wasan bai tuɓe kome ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, gama karin maganarmu ta riga ta raba wa kowa wurinsa, ta ce tsoro na daji, kunya na gida. Wasan iyalin dodanni shigo da daji ne cikin gida, a ce masa ya ji kunyar surukai.

Ba wai ba mu taɓa wasa da dodo ba sam. Fataken Hausa da suka zauna a Wagadugu cikin ƙarni na 19 sun kai wani wasan azumi da har yau a ke kira Dodo a ƙasar Burkina Faso, inda yara kan sa fuskokin dabbobi su bi gida gida da dare suna rawa a ba su sadaka, ɗan'uwan tashenmu ke nan. Sai dai wannan dodon baƙo ne na wata guda, a ƙofar gida ya ke tsayawa, a sallame shi ya wuce. Haka kuma sa'ad da majigi ya fara zuwa ƙasar Hausa, ɗaya daga cikin sunayen da jama'a suka ba shi shi ne dodon bango, kamar yadda Brian Larkin ya ambata a nazarinsa na gidajen sinima na Kano. Ashe tun ran farko hoto mai motsi da dodo tare suka shigo mana.

Akwai kuma wani iyali da ya fi na Addams da na Munster cika da tsari nesa ba kusa ba, watau iskokin bori. Tremearne ya rubuta a kansu cikin 1914, Greenberg cikin 1946 bayan zamansa da Maguzawan ƙasar Kano, sa'an nan Fremont Besmer, wanda ya yi bincikensa a cikin Kano ya buga littafinsa cikin 1983. Bisa ga abin da 'yan bori suka gaya wa Besmer, iskoki suna zaune a wani birni da ba a gani, Jangare, a gidaje goma sha biyu, Sarkin Aljan Sulemanu yana bisa kansu. Akwai gidan malamai, da na kutare, da na Filani, da na maharba, da na arna. Suna aure, suna saki, suna ba da riƙon 'ya'ya, suna da abokan wasa da waɗanda su ke jin kunya. Ga Ɗan Galadima, ɗan sarki mai ado da caca da ɓarnar dukiya. Ga Malam Alhaji tsoho mai tari da carbi. Ga Sarkin Rafi mai hauka. Ga Inna Bafilatana. Marubucin wasan kwaikwayo da aka miƙa wa waɗannan taurari ai an gama masa rabin aiki. Duk da haka ba a zaunar da su a falo ana yi musu dariya mako mako ba, dalili kuwa a fili ya ke. Dracula ƙagaggen labari ne, mai kallonsa a Amurka ba ya tsoron ya gamu da shi a hanyar masallaci ko coci. Aljani kuwa akwai sura guda da sunansa a Alƙur'ani, ta saba'in da biyu, wanda ya musa samuwarsa ya taɓa imaninsa. Harshen ma yana kaffa-kaffa da shi: a kan ce mutanen ɓoye, ko iska, don kada a kama suna. Har yau uwa a Tarauni tana hana ɗanta zuba ruwan zafi a ƙasa da dare ba bisimilla, tana kore shi daga bakin ƙofa da almuru, tana gargaɗinsa game da gindin tsamiya. Waɗanda suka yi wayo cikin 1995 da 1996 suna tune da Sumbuka, sa'ad da 'yan mata masu yawa a makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa suna wata irin rawa, abin da ya sa masu ruƙiyya suka yawaita a gari. Abin da a ke tofa wa addu'a ba a yi masa tafi. Shi ya sa aljanin finafinan Kano galibi abin tsoro ne, ƙarshensa malami ya zo ya ƙone shi da ayoyi. In ma an yi barkwanci, to, da matsoraci a ke yi, ko da bokan ƙarya, ba da gidan aljanin ba.

Saboda haka in muna neman dodon da Bahaushe ya zaunar a gida ya yi masa dariya, sai mu nemi wanda a ke tsoro ƙwarai amma ba a tofa masa addu'a. Wannan kuwa soja ne.

Tarihin tsoron soja a Kano dogo ne. Cikin Fabrairu 1903 sojan Turawa suka fasa ganuwa suka ci birnin, kuma yawancin masu riƙe da bindigogin baƙaƙe ne, da yawansu ma da Hausa a ke ba su umarni. Daga nan kalmar bariki ta shigo harshe, ta bar ma'anarta ta gidan soja ta zama sunan duk wata rayuwa da ta fita daga idon iyaye da malamai, har a ka ce wa mutum ɗan bariki ba yabonsa a ke yi ba. Bori ma bai bar soja a waje ba. Wajen 1925 wasu sababbin iskoki suka ɓulla a yankin Filinge na ƙasar Nijar, waɗanda Hausawan can ke kira Babule, Zabarmawa kuma Hauka, masu fareti da sara wa juna da haɗiyar wuta, su ne Jean Rouch ya ɗauka a fim a Ankara ta ƙasar Gana ya fitar cikin 1955. Watau tun kafin talabijin jama'a sun riga sun sa soja a layin aljanu. Sa'an nan ga 15 ga Janairu 1966 da kisan Sardauna, ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, wanda ya kumbura rundunar Nijeriya daga wajen mutum dubu 10 zuwa wajen dubu 250. Da yaƙi ya ƙare barikoki ba su iya ɗaukar wannan taro ba, soja da yawa suka kama haya cikin unguwanni, suka zama maƙwabta. Ga tambayar Amurka ta 1964 ta zo mana da tata rigar: wa ya tare a gidan da ke kusa?

Daidai wannan lokaci akwatin talabijin ya fara shiga gidaje. An buɗe tashar farko a Ibadan ran 31 ga Oktoba 1959, ta Kaduna kuma cikin 1962 a ƙarƙashin kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa. Kano ta sami tata a tsakiyar shekarun 1970, dokar soja ta 1977 kuma ta haɗe tashoshin ƙasa duka a hannun hukuma guda, wadda a ke kira NTA. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a farkon 1975, tare da bashin watanni, su suka sa ƙaramin akawu ya iya sayen babur da rediyo mai kaset da talabijin. Ina kuwa waɗannan ma'aikata su ke zaune? Da yawansu a bayan ganuwa, a unguwannin da suka bunƙasa bayan an ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, irin su Gyaɗi-Gyaɗi a bakin titin Zariya, da Tarauni, da rukunin gidajen Kundila. Mazauna wuraren nan haɗin gambiza ne, Bakano da Bahaɗeje da Babarbare da Banufe da Bayarabe, ga malamin makaranta ga ɗan sanda ga soja, kowa baƙo ne a wurin wani. Da tsarin mulki na 1979 ya ba jihohi damar kafa tashoshinsu, gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta jam'iyyar PRP, wadda ba ta ga maciji da gwamnatin NPN ta tarayya, ta kafa CTV 67 a kan titin Maiduguri wajen Hotoro, ƙofar gidan mutanen Tarauni ke nan. Ita ce aka sake wa suna ARTV bayan rasuwar Rimi cikin 2010. Wasanni irin su Bakan Gizo da Hadarin Ƙasa daga nan suka fito.

Dattawan majalisar nan da matansu sun kwatanta mini yadda a ke kallo a wancan zamani, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Tasha ba ta buɗewa sai da yamma, ta rufe da taken ƙasa wajen tsakar dare. Talabijin guda ya kan ɗauki layi guda. Mai gida ya fito da shi tsakar gida ko ya buɗe taga, yaran maƙwabta su wanke ƙafa su zauna a ƙasa, wanda ya yi surutu a kore shi, in wuta ta ɗauke a jona batirin mota. Matan kulle, waɗanda zuwa sinima ya ke abin kunya gare su ko da Marhaba tana nan kusa da su, sun sami wasan kwaikwayo ya iske su har ɗaki. Saboda haka wasan Hausa na talabijin tun farkonsa abin kallon iyali ne, uba da uwa da 'ya'ya a tabarma guda, dole ya zama wanda ba zai sa kowa ya sunkuyar da kai ba.

Cikin wannan tsakar gida Samanja ya shigo da kakinsa da gashin bakinsa da tsawarsa. Usman Baba Pategi Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi, ya yi aikin gidan rediyon Kaduna, ya kuma yi aikin soja na gaske, saboda haka ba labari aka ba shi ba. Abin da ya yi shi ne abin da Fred Gwynne ya yi da Herman Munster: ya ɗauki siffar da ke sa a watse, ya bar ta yadda ta ke, sa'an nan ya cika ta da mutum. Samanja yana daka wa kurata tsawa su ƙame, shi kuma ya ƙame gaban hafsa. Yana da rigingimun gida irin na kowa, ana yi masa wayo, yana kuskure, yana fushi ya huce. Kamar Herman, bai san shi abin tsoro ne ba, a ganinsa shi ne mai bin doka, farar hula ne ba su da tsari. Ba a taɓa tuɓe masa fata irin ta Daskin-da-riɗi ba. Da kakinsa aka so shi, a shekarun da masu kaki ke mulkin ƙasa, daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Yaron da zai ruga in ya hangi soja a bakin titin Zariya da rana, shi ne da dare zai kwanta a tabarma yana dariyar Samanja har cikinsa ya ƙulle.

Ga mai nazarin harshe, makamin wasan shi ne bakin Samanja. Rundunar mulkin mallaka ta haifar da wata Hausa ta musamman, Barikanci, wadda ƙabilu dabam dabam ke magana da ita a bariki, ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, ba ta kula da karin sauti da tsawon wasali ba, ta kuma cika da kalmomin Ingilishi da aka tanƙwara. Daga nan muka sami soja da kurtu da kofur da saje da hafsa, da samanja ɗin kansa. Usman Baba ya ɗebo daga wannan rijiya, yana tsalle daga Hausa zuwa karyayyen Turanci ya komo a cikin numfashi guda. Bakano mai alfahari da Hausarsa, wanda bindiga ta fi ƙarfinsa, sai ga shi ya sami wurin da ya fi soja, watau nahawu. Dariyar da a ke yi wa Samanja har da ramuwa a cikinta, amma ramuwa ce marar zafi, irin ta abokan wasa, kamar ta Bakano da Bazazzagi. Ni a ganina wannan shi ne babban aikin da wasan ya yi: ya ɗauke soja daga layin aljanu ya sa shi a layin taubasai.

Ba soja kaɗai aka yi wa haka ba, ko da ya ke nasa ya fi fitowa. Kuliya Manta Sabo ya shigo da zauren alƙali cikin ɗaki, wurin da talaka ba ya shiga sai gabansa na faɗuwa. Karkuzu na Bodara daga Jos, da Karambana na Ƙasimu Yero daga Kaduna, wanda ya rasu cikin Satumba 2017, sun ɗauki mutumin da unguwa ke gudu don fitinarsa suka mai da shi wanda a ke jira mako mako.

Saura maganar bege. Hausa tana da kalmomi uku a nan, kuma ba ɗaya su ke ba. Marmari na abin da za a iya samu ne, kamar marmarin danwake. Kewa ta wanda ya bar gurbi ce. Bege kuwa ya fi su nauyi, shi ne na wanda a ke so ba a gani, shi ya sa sha'irai suka riƙe kalmar don yabon Annabi. Abin da Ba'amurke ke ji game da iyalin Munster marmari ne, don an ɗauki wasannin nan biyu a kan fim mai ɗorewa, tun 1966 gidajen talabijin ke maimaita su, an yi finafinan Addams cikin 1991 da 1993, an sake The Munsters cikin 2022. Duk ran da ya so zai kunna ya ga kashi saba'in ɗin nan cif. Namu kuwa a kan kaset na bidiyo aka ɗauke su, kaset kuma yana da tsada a lokacin, al'adar tashoshi a ƙasashe da yawa ita ce a shafe tsohon shiri a ɗauki sabo a kansa, wanda ya tsira kuma zafi da ƙura da damina suna jiransa. Shi ya sa hirar dattawan Gyaɗi-Gyaɗi ta cika da gardama, wannan ya ce a Samanja aka yi abu kaza, wancan ya rantse a Karambana ne, ba kuwa alƙalin da zai raba su. Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma lalle akwai wannan a ciki, gama mutumin da ke begen 1984 ya manta layin sayen sabulu da madara da bulalar da a ke sha a layin. Amma ban yarda ƙin bana ne kaɗai ba. Abin da su ke kewa har da tabarmar nan guda, da yaran layi goma sha biyar a tsakar gida, abin da waya mai kallon mutum ɗaya ba ta bayarwa.

Na gwada neman abin da ya saura. A kasuwar waya ta Farm Centre, cikin Tarauni, akwai samari masu tura finafinai a waya, kowanne da kwamfuta cike da fassarar finafinan Indiya da wasannin Kano masu dogon zango. Na bi rumfa bakwai ina tambayar Samanja da Kuliya da Bakan Gizo. Biyu suka ce ba su taɓa jin na ƙarshen ba. Ɗaya ya samo mini 'yan guntaye na Samanja da aka kwafo daga YouTube, hoton ya dushe, murya tana rawa, wani ma ba farko ba ƙarshe. Da na tambaye shi Wednesday kuwa, bai ko ɗaga kai ba, ya ce kashi nawa na ke so.

Guntayen nan na kai wa dattawan majalisa a daren Juma'a. Aka jingina wayar da butar shayi, mutum shida suka matso da kawunansu, jikan nan ma ya ajiye tasa ya leƙo. Da Samanja ya daka tsawar farko, tsohon da ya yi a'uziyya ran nan ya miƙe zaune ya ƙame, ya sara wa wayar.